Jegon Safara'u

Kwanyawa, Ƙaraye
6 ga Agusta, 2023

Ummulkhair,

Rabona da gidanku na Rogo tun ranar 19 ga Satumba, 1999, ranar da na dawo daga kwas a Zariya na tarar an riga an binne matata Bahijja, 'yar uwarki. A zauren nan naku na rantse ba zan sake taka shi ba, kuma shekara ashirin da huɗu ke nan ban taka ba. Ban manta ba, ban kuma yafe ba. Na faɗi wannan tun farko don kada ki ɗauka tsufa ya sa na yi laushi.

Bayan haka ina gaishe ki. Ya gida, ya ƙafar taki, ya kuka ji da ruwa bana? Ni ina nan yadda kika sani, sai kunne da ya ƙara mutuwa. Shi ya sa na ɗauki biro. Waya ba ta amfana mini komai, kuma ba zan tsayar da maƙwabci yana ɗaga murya yana maimaita mini sirrin gidana ba. Hamma direba zai riƙa kawo miki takarda, in zai juyo ki ba shi amsa.

Na ji yarinyar nan ta sauka lafiya a hannunki, an samu namiji, an yi suna ranar Alhamis. Na gode da kika karɓe ta wankan gida, tunda ba ta da uwar da za ta je wa. Kin san 'yar fari ce a wurina, ba na kama sunanta, ba na kuma iya zama in yi mata tambaya. Don haka ke zan tambaya.

Tana barci? Ba kwanciya nake nufi ba, barci. Tana cin abinci? In an yi mata magana, amsar tana zuwa daidai da tambayar?

Kin san abin da ya sa nake tambaya. Uwarta lafiya lau ta haife ta, lafiya lau aka yi suna. Bayan kwana goma barci ya ƙaurace mata, daga nan sauran suka biyo baya. Na ce a jira ni in dawo in kai ta asibiti. Yayanki Habibullahi ya ce iska ce, ya kai ta ƙauye gidan mai magani, aka sa mata mari a ƙafa. Kwananta goma sha ɗaya a can.

Yarinyar ba ta san wannan ba. Zazzaɓin haihuwa aka gaya mata. Mijinta Badaruddeen ma bai sani ba, kuma ba na so ya sani. Ki sa ido kawai, ki rubuto mini.

Gwadabe


Rogo
9 ga Agusta, 2023

Zuwa ga Bature malamin gona,

Assalamu alaikum. Na ga takardarka, na kuma ga har yanzu sai ka gama zagin mutum sannan ka gaishe shi. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubashina kake ko ka so ko ka ƙi, kuma bawa ba ya ɗaga wa uwargijiyarsa murya. Ƙafa da sauƙi, sai in hadari ya haɗo. Allah ya buɗe maka kunnen, ko ka ji abin da mutane ke faɗa a kan mutumin da ya ƙi zuwa sunan jikansa.

Maganar Yaya Habibullahi kuwa, shekararsa shida a ƙasa. Ka ƙyale shi ya kwanta.

Safara'u tana nan ƙalau. Ni zan kama sunan tunda kai ba ka iyawa. Ina yi mata wanka safe da yamma da ruwan darbejiya, tana shan kunun kanwa, nama ne dai sai na tsaya a kanta. Barci kuma, wace mai jego ka taɓa gani tana barci? Yaron sunansa Haidar, hancin nan naku ya ɗauko, Allah ya sawwaƙe masa.

Abin da zan faɗa maka ka ji daɗi shi ne, ka yi tarbiyya. Yaran yanzu sai ka ga yarinya ta rungume ɗan fari a gaban surukai tana kiransa da suna tana yi masa wasa, ko kunya babu. Taka kuwa ko kallonsa ba ta yi in da mutane. In za ta ba shi nono sai ta juya wa ɗaki baya, ta fuskanci bango, ta lulluɓa da mayafi. Matan da suka zo barka duk sun yaba. Maƙwabciyata Sadiƙa cewa ta yi, "Wallahi Gwaggo, rabona da ganin kunya irin wannan tun zamanin iyayenmu."

Abu ɗaya ne ya ba ni dariya. Shekaranjiya ina goge mata baya sai ta ce, "Gwaggo, nono yana lalacewa a jikin mutum bai sani ba?" Na ce wa ya gaya miki? Ta ce babu kowa, ita dai tana jin nata kamar da ɗaci. Na ce kawo mu gani. Na sa ta tatsa a ludayi, na kamo tururuwa na jefa, kamar yadda aka yi mana. Tururuwa ta yi iyo ta fito ta kama gabanta. Na ce to kin gani, da mai guba ne da ta mutu a ciki. Ta daɗe tana kallon ludayin, sannan ta ce, "To, Gwaggo." Shi ke nan. Sabon shiga ne.

Badaruddeen yana Fatakwal da motar kamfaninsu, kullum sai ya bugo waya. Sai ƙarshen wata zai zo.

Ka kwantar da hankalinka. In kana da kaji ka aiko da biyu.

Uwargijiyarka,
Ummulkhair


Kwanyawa
11 ga Agusta, 2023

Ummulkhair,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Na karanta takardarki.

Ke malamar makaranta ce, shekara talatin kina koyar da yara, amma kin jefa tururuwa a ludayi kin ce an gama magana. Ba nonon ba ne ya lalace. Tambayar ita ce ciwon.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kafin in tafi Zariya, kwana tara da haihuwa, na shiga ɗakin Bahijja in yi mata sallama. Na tarar ta ajiye jaririyar a can ƙarshen gado, ita kuma ta takure a bakin ƙofa. Na ce mene ne? Ta ce, "Malam, kada ka bari in taɓa ta. Akwai abu a hannuna." Na kama hannun na juya shi, babu komai. Na yi dariya na ce gajiya ce. Na ɗauki jakata na tafi. Uwata ma a lokacin yabon kunyarta take yi, kalma ɗaya da ta Sadiƙarku.

A Zariya na shiga ɗakin karatu na nemo abin a littafin likitoci. Ciwo ne sananne, yana kama wasu mata bayan haihuwa, yana bin jini wani lokaci, kuma yana da magani. Na san sunansa da Turanci, na haddace shi kamar karatun allo. Ilimin da ya rage mini ke nan daga duk shekarun da na ɓata a makaranta: na san sunan abin da ya kashe matata.

Ga abin da nake so ki yi, kuma yau. In ta juya bango, ki zagaya ki ɗaga mayafin. Ki ga bakin yaron a kan nono da idonki, ki ga maƙogwaronsa yana haɗiya. Ki duba tsummansa, sau nawa yake jiƙa shi a wuni. Sannan ki ɗauke su ku je asibiti ki gaya wa likita duk abin da ta faɗa. Kada ki ce mini ba a yi arba'in ba. Kada ki kira mai rubutu ko mai hayaƙi.

Na san gidanku. Kun fi tsoron bakin unguwa a kan mutuwa. Kun kashe mini ɗaya kuna cewa taimako kuke yi, yayanki yana jan carbi a kan gawarta. In kuka kashe mini ta biyu, wallahi har gaban Allah sai na ja ku.

Da ba don rantsuwar da na yi ba da na zo da kaina.

Gwadabe


Kwanyawa
18 ga Agusta, 2023

Ummulkhair,

Ina gaishe ki, ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Yau kwana bakwai ban ji daga gare ki ba.

Kullum ina tasha kafin Hamma ya iso. Jiya na tare shi na ce ina amsata? Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Baba, Hajiya ta karɓa ta karanta a tsaye, ta ninke ta tura ƙarƙashin tabarma. Ta ce in gaya maka ta gode." Na ce ka ga mai jegon? Ya ce, "Haba Baba, ni da ɗakin mai jego?" Na ce ka ji kukan jariri? Ya ce bai lura ba.

Bai lura ba. Da wannan na kwana, da shi na tashi.

Ranar Talata na sa riga na shiga motarsa. Har mun wuce gonakin gyaɗa na ce ya tsaya, na sauka na dawo a ƙafa. Ban san ko rantsuwar ce ta sauke ni ba, ko tsoron abin da zan tarar. In na shigo ɗakin me zan ce mata? Tun tana ƙarama ban taɓa zama na yi hira da ita ta minti biyar ba. Uwata ce ta raine ta, ni sai in wuce in ce "an tashi lafiya" ina kallon wani wuri. Mutane suna cewa kunya ce. Rabi kunya ce. Rabi kuma fuskar uwarta ce ba na iya kallo.

Maganar da na yi a kan Habibullahi ta yi nauyi. Ban janye ta ba, amma bai kamata in haɗa ta da wannan ba. Ki zage ni yadda kike so, ki dai ɗaga mayafin nan.

Gwadabe


Rogo
20 ga Agusta, 2023

Gwadabe,

Na amsa gaisuwarka. Ƙafa tana nan, zuciya ce ka ɓata.

Da gangan na ƙi ba ka amsa. Ni na wanke gawar Bahijja da hannuna, kai kana can kana karanta littafi. Sau uku aka aika maka, ka ce sai ka rubuta jarrabawa. Yaya Habibullahi ya yi kuskure, ya mutu yana kuka a kansa, amma shi ya tsaya a lokacin da matarka take fita tsakar gida ba ɗankwali tana kiran sunayen matattu. Shekara ashirin da huɗu ka ɗora mana kayan, ba ka ɗauki ko ƙulli ɗaya ba. Yanzu kuma ina tashi da asuba ina hura wutar wankan 'yarka da wannan ƙafar, ka aiko mini da takarda kana kirana mai kisan kai.

Asibiti kuwa, na yi wa Badaruddeen maganar a waya, ban faɗi dalili ba tunda ka hana. Ya ce, "Gwaggo, zazzaɓi take yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To a bari in zo mana, a fitar da mai jego cikin ruwan nan ba ta yi arba'in ba? Sanyi ya shige ta fa?" Me zan ce masa? Kai ka ɗaure mini baki.

Amma ba zan ɓoye maka ba, ni ma jikina ya fara sanyi. Safara'u ta daina hira. Ko yaushe na leƙa idonta biyu, tana zaune tana kallon ƙofa. Kunun ma sai ta kurɓa ta ajiye. Haidar kuma da farko yana da kuka, har na riƙa ɗura masa ruwan ɗumi da ɗan zuma in ya dame mu. Yanzu ya yi haƙuri, wuni yake yana barci. Sadiƙa ta ce yaro mai sanyin hali. Shekaranjiya na ga maɗigarsa ta ɗan faɗa, na kira unguwarzoma ta shafa masa magani a ka. Da nake masa wanka na ji kamar ya fi sauƙin ɗauka.

Ban ɗaga mayafin ba. Yarinya tana jin kunyata, in zagaya in buɗe mata ƙirji? Kuma, gaskiya, don kai ka ce in yi, shi ya sa na ƙi.

21 ga wata, da hantsi.

Takardar ba ta tafi jiya ba, Hamma bai shigo ba. Gwadabe, ka zo.

Bayan wankan safe ta ɗauke shi ta juya bango kamar kullum. Na zagaya na ɗaga. Rigarta a rufe take har wuya. Ɗan yatsanta ne a bakinsa, tana tsoma shi a kofin ruwa tana sa masa. Ƙirjinta ya kumbura kamar dutse, ta ɗaure shi da ɗankwali. Na ce, "Safara'u, tun yaushe?" Ta kalle ni ba ko firgita, ta ce, "Gwaggo, yi a hankali kada su ji. Tururuwar nan taki ta mutu daga baya, an gaya mini. Ni na fi kowa son sa, shi ya sa." Na ce wa ya gaya miki? Ta nuna saman ɗaki.

Na yi ƙoƙarin sa shi a nono da ƙarfi, ta ƙanƙame jikinta tana roƙona da Allah kada in kashe mata ɗa. Shi kuma ko da na samu na kai bakinsa, bai kama ba. Ba shi da ƙarfin tsotsa.

Mun kai su asibitin nan. Sun sa masa ruwa, sun ce a wuce Kano yanzu, su biyun. Ƙafata ba za ta kai ni ba, Sadiƙa ce ta bi su. Badaruddeen ya taso. Na gaya masa komai, har na Bahijja. Ba sai ka taka zaurenmu ba, ka wuce Kano kai tsaye. Hamma ya san asibitin.

Ummulkhair


Kwanyawa
3 ga Satumba, 2023

Ummulkhair,

Assalamu alaikum. Ya muka ji da haƙuri? Hamma ya ce tun ranar ba ki iya tashi ba, kin kuma hana a share ɗakin. Ki ci abinci. Kin ce in rubuta miki yadda abin ya kasance, domin a waya kowa kuka yake yi, ba ki fahimci komai ba. Ga shi.

Takardarki ta same ni ranar Talata da yamma, domin ruwa ya cinye hanya Hamma ya zagaya. Na isa Kano ranar Laraba da hantsi. An raba su: yaron yana ɗakin jarirai, ita kuma an kai ta ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa.

Wurinta na fara zuwa. Tana zaune a bakin gado, an yi mata allura, idonta ya yi nauyi. Da ta gan ni sai ta zame ƙasa ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da zuwa. Ya hanya?" Kamar a gida. Na zauna a kan kujera, na rasa inda zan sa idona. Ta ce, "Baba, ka gaya musu su ba shi madarar gwangwani. Kada su saurari Gwaggo." Na ce za a ba shi. Ta ce, "Ka gan shi? An ce da kai yake kama." Na ce yanzu zan je.

Likitar mace ce, ba ta girmi 'yata ba sosai. Ta rubuta mini tambayoyinta a takarda saboda kunnena. Ta tambaya ko an taɓa yin irin wannan a dangi. Na ce uwarta. Ta ajiye biro ta dube ni, sannan ta rubuta cewa da an faɗa musu tun tana zuwa awo, da sun sa mata ido daga ranar haihuwa. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Badaruddeen na samu a baranda. Kwana biyu yana tuƙi bai runtsa ba. Ya gaishe ni har ƙasa, yaron kirki ne, sannan ya ɗaga murya don in ji, har mutane suna juyowa. Ya ce, "Baba, kun ɗauka in na sani zan fasa aurenta ne? Wallahi da ban fasa ba. Da ban tafi Fatakwal ba kawai." Tun daga ranar bai sake yi mini magana ba sai gaisuwa. Mahaifiyarsa tana cewa an yaudare su, wai ya saki yarinyar. Shi dai kullum yana bakin ƙofar ɗakin da kwanon abinci. Ban san inda abin zai tsaya ba.

Maganin yana aiki. Ta fara barci, ta daina kallon sama. Likita ta ce za ta warke, in dai ba a yi wasa da magani ba. Wannan shi ne abin da nake tsoro yanzu, domin kullum hankalinta yana ƙara dawowa, kullum tambayarta tana ƙara tsayawa daidai. Ranar Juma'a ta ce, "Baba, me ya sa ba a kawo mini shi ko in gan shi daga nesa?" Na ce sai ta ƙara ƙarfi. Likita ta ce jibi za a gaya mata, kuma tana so wani nata ya zauna kusa. Badaruddeen ya ce ba zai iya ba. Ni zan zauna. Na dawo gida ne in ɗauki kaya, gobe zan koma.

Kin rubuta a bayan ambulan da Hamma ya kawo cewa ke kika jawo. Kwana goma kika yi ba ki ɗaga mayafin ba. Ni shekara ashirin da huɗu na yi da maganar a bakina, kuma daga nan zuwa ƙofarki tafiyar awa ɗaya ce. Ba na cewa na yafe na da. Ina cewa ban da bakin da zan sake ambatonsa.

Kin tambayi labarin yaron. Na gan shi ta gilashi, an sa masa roba a hanci, jikinsa duk bai fi tafin hannuna biyu ba. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Ƙodarsa ce ta riga ta tsaya. Haidar ya rasu ranar Laraba, 23 ga Agusta, bayan la'asar. Kwanansa ashirin da bakwai a duniya.

Gwadabe